Daga Orinoco zuwa AX200: Tarihin Katin Wayales a Teburin Mai Gyara

Yawancin laftof ɗin da ake sayarwa a Beirut Road ta Kano, ko a Computer Village ta Ikeja, ba mu ne iyayen gijinsu na farko ba. Wani banki a Ingila ko wata makaranta a Amurka ta mora su shekara uku ko huɗu, aka kwashe aka zuba a kwantena, suka sauka a Legas ko Kwatano, sannan suka hau mota zuwa Arewa. Don haka mu masu gyara kullum muna fama ne da shawarar da wani injiniya ya yanke shekaru da dama baya, ba tare da ya kawo a ransa cewa na'urar za ta ƙarasa rayuwarta a hannun ɗalibi a Zariya ko mai shagon buga takardu a Maraɗi ba. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a katin wayales, ɗan ƙaramin allon nan da ke sa kwamfuta ta kama Wi-Fi. Kwastoma zai shigo ya ce, "Injiniya, a sa min sabo kawai, wanda ya fi gudu." Ni kuwa abin da nake fara nema shi ne shekarar da aka ƙera kwamfutar. Shekarar ce ke gaya min irin ramin da ke cikinta, da irin wayar eriyarta, da kuma ko kamfanin ya garƙame ƙofa ya tafi da makulli.

Ƙa'idar wayales ta farko, wadda ake kira 802.11, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ita a 1997, kuma gudunta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. A 1999 aka samu 802.11b mai megabit 11. A shekarar ne Steve Jobs ya ɗauki iBook yana zagaye dandali a New York intanet na buɗewa, har ya zura kwamfutar ta cikin wani ƙaton zobe don jama'a su ga babu igiya a ɓoye. Katin da ke cikinta kamfanin Lucent ne ya ƙera wa Apple, kuma ɗan'uwansa ne Lucent ke sayar wa kowa da sunan WaveLAN, daga baya Orinoco. Faɗinsa kamar katin cirar kuɗi, ana zura shi a wani rami a gefen laftof da ake kira PC Card, kansa baƙi ya leƙo waje domin a nan eriyar take.

Lokacin da irin waɗannan katunan suka fara faɗowa hannunmu, babu abin kirki da za su kama. Wayar GSM kanta sai 2001 ta shigo Najeriya. Intanet a kafe take, tana saukowa ta faranti daga tauraron ɗan'adam, a raba ta da waya zuwa kowane tebur. Waɗanda suka san darajar Orinoco a lokacin su ne masu kafe da ke sayen intanet daga wani babba ta iska. Katin yana da wata 'yar kafa a goshinsa inda ake jona siririyar waya, a kai ta har kan dogon ƙarfe a saman rufi, a ɗaura eriya mai raga tana fuskantar inda intanet ɗin ke fitowa. Da yawa daga cikin masu gyaran da suka manyanta yanzu a saman irin wannan ƙarfen suka fara sanin cewa kati ba komai ba ne in babu eriya.

Ramin PC Card iri biyu ne, kuma nan ne darasin dacewa na farko. Tsohon yana ɗaukar bayanai bit 16, sabon da ake kira CardBus yana ɗaukar 32. Katin CardBus ana gane shi da wani zirin ƙarfe ruwan zinariya a bakinsa, kuma ba ya shiga tsohon rami, an yi masa tsaga da gangan don ya cije. Sabon ramin kuwa yana karɓar duka biyun. Da 802.11g ta fito a 2003 da megabit 54, kusan duk katunanta CardBus ne, sai tsofaffin injuna na tsakiyar shekarun 1990 suka tsaya a nan.

Waɗannan katunan na farko ba ƙonewa suka yi ba. Har yau in ka samu Orinoco ka zura shi zai kawo wuta. Abin da ya kashe su makulli ne. Tsarin tsaron da aka gina su da shi, WEP, masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, sun nuna a 2001 cewa ana iya fasa shi. Aka kawo WPA a 2003, aka kawo WPA2 a 2004, kuma WPA2 yana buƙatar wani irin lissafin sirri da tsofaffin katunan ba su iya ba. Yau babu wayar hannu da za ta ba ka hotsifot da WEP. Katin zai ga sunan hotsifot ɗin sarai, ka sa kalmar sirri daidai, ya yi ta juyi ya ƙi shiga. Sai dai mai wayar ya cire makullin baki ɗaya, abin da ba na ba kowa shawarar yi a unguwar da kowane yaro ke farautar data.

A watan Maris na 2003 Intel ta fito da Centrino, wanda ya canza sana'ar tamu gaba ɗaya. Sharaɗin shi ne, kamfanin da ke son manna wannan tambari a laftof ɗinsa dole ya sa furosesa Pentium M da katin wayales na Intel tare. Nan da nan kati ya bar gefe ya koma ciki, a wani rami mai haƙora 124 da ake kira Mini PCI, eriya kuma ta haura cikin murfin sikirin, wayoyinta biyu suka bi ta cikin maɗaurin murfin suka sauko. PRO/Wireless 2100 ne na farko, mai b kaɗai, sannan 2200BG, sannan 2915ABG da ya ƙara zangon gigahaz 5. Su ne a cikin ThinkPad T40 zuwa T43, da Dell Latitude D600 da D610, injunan da suka cika kasuwanninmu bayan wasu shekaru. A wannan zamanin ne muka koyi buɗe ɗan murfin ƙasa kafin mu yi wa kwastoma alƙawari. Wasu laftof masu araha an ƙera su da ramin, amma ba a shimfiɗa wayoyin eriya ba. Ka sa kati mai tsada, kwamfuta ta gan shi, direba ya hau, amma sai ka manna ta da na'urar intanet ɗin kafin ta kama sanda ɗaya.

Yanzu ga babin da ya fi kowanne ci mana tuwo a ƙwarya. Wajajen lokacin nan IBM da HP suka fara saka wani jeri a cikin BIOS, wato manhajar da ke tashi kafin Windows, jerin katunan da aka yarda kwamfutar ta yi aiki da su. Kowane kati yana da lambobin shaida a jikinsa, na kamfanin da ya yi ƙwayar cikinsa, da na samfurin, da kuma na wanda aka ƙera wa shi. Ana kunna kwamfuta sai BIOS ya tambayi katin lambobinsa. In ba sa cikin jerin, ThinkPad za ta rubuta kuskure mai lamba 1802 ta tsaya cak, HP kuma ta rubuta 104. Da a ce wayales ɗin kawai zai ƙi aiki, da da sauƙi. Kwamfutar gaba ɗaya ce ke ƙin tashi sai an cire katin. Abin da ya fi ɗaure wa yaran shago kai shi ne, za ka ɗauko 2200BG daga cikin Dell, iri ɗaya sak da wanda ya mutu a ThinkPad, ƙwaya ɗaya, masana'anta ɗaya, amma a ƙi shi saboda lambar ƙarshe ta bambanta. Da Lenovo ta sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005 ta gaji al'adar ta ci gaba da ita.

Hujjar da kamfanonin suka kafa ita ce hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, tana ba da izini ne ga kati haɗe da eriyar da aka gwada shi da ita, don haka barin mutum ya sa kowane kati zai iya fitar da na'urar daga sharaɗin izininta. Ban raina hujjar ba, domin da gaske ana gwada su tare. Amma Dell tana sayar da Latitude a kasuwa ɗaya, ƙarƙashin hukuma ɗaya, kuma ba ta kulle yawancin injunanta haka ba. Su Acer da Asus ma galibi a buɗe suke. Wannan ya isa ya nuna cewa zaɓi ne aka yi. Kuma nauyin zaɓin bai faɗa kan bankin da ya sayi kwamfutar sabuwa ba, shi yana da garanti, in kati ya mutu a aiko masa da wani washegari. Ya faɗa ne kan mai ita ta biyu da ta uku, bayan kamfanin ya daina ƙera kayan gyaranta, a garin da ba shi da ko ofishi. Na sha ganin ɗalibi ya ajiye lafiyayyar kwamfuta mai ƙarfin da za ta kai shi ƙarshen karatu, saboda ɗan abin da bai kai akwatin ashana ba.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce a nemo katin da aka yi wa kamfanin. Na Lenovo yana ɗauke da lambar da aka rubuta FRU a gabanta, na HP kuma lambar kayan gyara a 'yar takardar da ke manne a jikinsa. Littafin gyara na kowane samfuri, wanda kamfanonin biyu ke sakawa kyauta a intanet, ya jera lambobin da suka dace, kuma duk mai gyaran da bai saba buɗe shi ba yana wahalar da kansa ne. Hanya ta biyu ita ce a karya makullin. A zamanin T40 akwai wata 'yar manhaja da ake kira no-1802, tana juya bit ɗaya a ma'ajiyar saitin kwamfutar, shi ke nan binciken ya tsallake. Da aka toshe wannan sai masu sha'awa a ƙasashen waje suka riƙa gyara BIOS ɗin kansa suna rabawa, kamar wanda aka sani da Middleton na T61 da X61. Daga baya Lenovo ta fara sa wa BIOS hatimin da ke hana a rubuta gyararre ta hanyar da aka saba, aka koma kama ƙwayar BIOS da ɗan matsefi a kan bod, a karanta ta da na'urar CH341A, a gyara, a mayar. Ana yi, kuma yana aiki. Amma wanda zai rubuta BIOS a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ya tabbata batirin kwamfutar lafiyayye ne kuma a cike, ya kuma adana kwafin asali kafin ya taɓa komai. Ba na yi wa kowa wannan aikin sai na zaunar da shi na ce, "Alhaji, in abin ya ƙi, kwamfutar ba za ta ƙara kawo haske ba sai mun sake buɗe ta. Ka amince?" Lenovo ta daina sa wannan kulle a manyan ThinkPad wajajen 2015, daga T450 da X250. Amma su T410, T420, X220, T430, X230 da T440 duk suna da shi, kuma su ne har yanzu a jakunkunan malamai da ɗalibai.

A 2006 rami ya sake canzawa. Mini PCIe mai haƙora 52 ya zo tare da Intel 3945ABG, sai 4965AGN a 2007 wanda ya fara kawo 802.11n tun ƙa'idar ba ta kammala ba, don sai 2009 aka sa mata hannu. Bayan ɗan lokaci aka rage tsawon katin zuwa rabi. Gajeren yana zama a gurbin dogo in an ƙara masa ɗan ƙarfen da zai kai shi wurin sukuru, dogon kuwa ba shi da wurin zama a gurbin gajere. Ruɗanin da ya fi wannan shi ne ramuka biyu ko uku masu kama ɗaya a bod guda. Ɗaya na wayales ne, ɗaya na katin da ke ɗaukar layin waya, wanda sau da yawa layukan USB kawai aka ja masa, wani kuma na ma'ajiyar mSATA. Kati zai shiga kowanne daram, amma a ɗaya ne kawai kwamfutar za ta san ya zo. Yawanci an rubuta WLAN da WWAN a jikin bod da ƙananan haruffa, mai gaggawa ne ba ya gani.

Daga wannan zamanin ne dabarar salatif ta samo asali. Haƙori na 20 a katin Mini PCIe shi ne wanda kwamfuta ke bi ta kansa ta umarci rediyon katin ya yi shiru, in an tura maɓallin gefe ko an danna Fn. Wani lokaci maɓallin ya lalace, ko sabon katin bai fahimci siginar tsohon bod ba, sai Windows ta yi ta cewa an kashe wayales alhali babu wanda ya kashe. A yanka ɗan siririn salatif a rufe haƙorin shi kaɗai, umarnin ba zai ƙara isa ba, katin ya zauna a kunne. Aiki ne na mai haƙuri da ido mai kyau, domin in ya rufe na kusa da shi an shiga wata matsalar.

Abin da na kan gaya wa yaran da ke koyo a wurina shi ne, shekaru da dama ba wanda ya damu da katin nan a ƙasarmu. Zamanin modem ne. Daga na Starcomms da Multi-Links aka koma 'yan sandunan Huawei da ZTE masu tambarin MTN da Glo da Etisalat, a soka a USB a danna haɗawa. Mutum zai yi shekaru da laftof bai san katin cikinta a mace yake ba, dillalai ma ba sa gwadawa. Sai 2010 ta zo, igiyoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas, a shekarar kuma Android 2.2 ta kawo hotsifot cikin waya. Da wayoyin Tecno da Infinix suka bazu, MiFi ta shiga aljihu, sai kwatsam kowa ya tuna akwai wani abu a cikin kwamfutarsa da ya kamata ya yi aiki. Ƙorafin ya zama iri ɗaya daga kowane baki: "Ba ta ganin wayata." "Tana gani amma ba ta kamawa." "Tana kamawa tana saki."

Cikin waɗannan ƙorafe-ƙorafen, kaso mai yawa katin lafiyarsa ƙalau, kuma a nan ake gane mai gyara da mai canza kaya. A zangon gigahaz 2.4 Amurka ta yarda da tasha 1 zuwa 11, Turai kuma har 13. Katin da aka saita don Amurka ba ya sauraron 12 da 13. A jikin 3945ABG ma an rubuta, MOW1 na Arewacin Amurka, MOW2 na Turai. To ga laftof daga Amurka, ga MiFi da ke zaɓar tasha da kanta. Ranar da ta hau 6 komai lafiya, ranar da ta hau 13 kwamfutar ta makance, wayar kowa kuwa tana gani. Maganin shi ne a shiga saitin MiFi a tsayar da ita a 1 ko 6 ko 11, ba a kashe ko sisi ba. Haka sababbin wayoyi da ke buɗe hotsifot a gigahaz 5, katin da bai san wannan zangon ba ba zai taɓa ganinsu ba sai an mayar da wayar 2.4. Haka WPA3 da ya fito a 2018, wanda ke rikita tsofaffin katuna ko da an haɗa shi da WPA2, sai an bar WPA2 shi kaɗai. Da na'urorin Wi-Fi 6 suka fara shigowa ofisoshi, katunan Intel irin su 7260 da 3160 masu tsohon direba suka daina ganin sunansu kwata-kwata, har sai da Intel ta fitar da sabon direba. Sannan akwai wayar eriya da ke tsinkewa a maɗaurin murfi saboda buɗewa da rufewa, musamman in an taɓa canza sikirin da ganganci. Alamar ita ce kwamfuta ta kama a kusa, a matsa ɗaki na gaba ta saki. Canza kati goma ba zai warkar da wannan ba.

Maganar direba doguwa ce, zan taɓa kaɗan. Sunan da ke kan kwali ba shi ne abin dubawa ba, ƙwayar da ke ciki ce. Dell ta sha sayar da katin Broadcom da sunanta, haka HP. TP-Link TL-WN722N na farko yana da ƙwayar Atheros, na biyu da na uku Realtek, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya. Masu Linux sun sha wuya da Broadcom shekaru, har akwai lokacin da ake naɗe direban Windows da wata manhaja mai suna NDISwrapper don a samu ya yi aiki. Atheros kuwa, tun da ta saki direbanta ath9k a buɗe a 2008, katunanta irin su AR9285 da AR9280 suka zama waɗanda ake sokawa kawai su tashi. Qualcomm ta saye ta a 2011, a shekarar da MediaTek ta haɗiye Ralink. Wannan batu zai ƙara nauyi yanzu da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta yarda da furosesan Intel da suka girmi zubi na takwas ba. Injuna da dama da ke hannun jama'a Linux ce za ta riƙe su, kuma mai gyaran da ya san wace ƙwaya ce ke tafiya da ita lafiya zai yi wa mutane amfani.

Wajajen 2013 aka shigo da M.2, siriri mai faɗin milimita 22 da tsawon 30. Da shi aka canza bakin eriya. Tsofaffin katuna suna da U.FL, sababbi suna da MHF4 da ya fi ƙanƙanta. A ido kamar ɗaya ne, kuma yara da yawa sun fasa bakin kati suna dannawa da ƙarfi. Intel 7260 ya fito a siffa biyu, na M.2 da na gajeren Mini PCIe, kuma wannan na biyun shi ne mafi girman abin da Intel da kanta ta yi wa tsohon ramin. Shi ya sa ake nemansa, shi ya sa kuma jabunsa da waɗanda aka sake wa takarda suka yi yawa. Araha ba ta ado. Akwai kuma katunan da wasu ƙananan masana'antu ke yi, su ɗora ƙwayar AX200 ko AX210 a allon Mini PCIe. Suna aiki a injin da ba shi da kulle, amma direban AX200 na Windows 10 ne mai bit 64 zuwa sama, don haka mai Windows 7 ya haƙura.

Tarko na baya-bayan nan shi ne CNVi. Intel ta kwashe rabin aikin katin ta mayar cikin ƙwayoyin kwamfutar kanta, abin da ya rage a ramin rabin kati ne. 9560 da AX201 irin wannan ne, ba sa aiki sai da zubin Intel da aka yi su dominsa, ba sa aiki a AMD ko a tsohon inji. 9260 da AX200 kuwa cikakku ne. Lamba ɗaya ce tsakanin AX200 da AX201, kuma mai sayarwa a kasuwa zai rantse maka duk ɗaya ne, shi ma haka aka gaya masa. Siraran laftof na yanzu kuma da yawansu an liƙe katin da dalma a jikin bod. In sun iso gare mu nan da wasu shekaru, babu maganar zaɓi, sai mai iskar zafi da hannu mai natsuwa.

Idan aka ajiye min tsohuwar laftof yau, nakan fara da tambayar abin da mai ita ke so ta kama. Wanda intanet ɗinsa hotsifot ne na waya da ke kawo megabit goma ko ashirin, katin n mai rai ya ishe shi, domin ko mai eriya ɗaya yana haɗuwa a megabit 72, kuma ba zan karɓi kuɗinsa in sa masa abin da ba zai ji bambancinsa ba. Wanda ke aiki a ofis ko ɗakin kwanan ɗalibai inda na'urori suka cunkushe a 2.4, shi gigahaz 5 zai yi masa rana. In T420 ce ko X220, sai in nemo Intel 6205 mai lambar FRU ta Lenovo. 6300 ma yana cikin jerin, amma bakinsa uku ne, in wayoyin eriyar biyu ne ba za a ci cikakkiyar moriyarsa ba. In Latitude E6420 ce ko E6430, 7260 na gaske zai zauna lafiya, ya ƙara mata Bluetooth in ramin yana da layin USB. In kuwa injin na zamanin Mini PCI ne, ko kullen ya ƙi, ko ramin ya ƙone, ɗan katin USB amsa ce ta gaskiya, ba abin kunya ba. Sai dai ƙananan nan da ba su wuce farce ba eriyarsu ba ta kai ta cikin murfi ba, don haka mai nisa da na'ura ya sayi mai sanda. Kuma a duba tashar USB ɗin, in 1.1 ce gudunta megabit 12 ne komai kyan katin.

Katunan da ke da lambar Lenovo da HP na waɗancan shekarun an daina ƙera su. Abin da ya rage a duniya shi ne wanda ke cikin injunan da suka mutu. Shi ya sa a shagona ba a jefa kwandam a buhun 'yan gwangwan sai an cire katin, an zaro wayoyin eriyar daga murfi ba tare da an tsinka su ba, an gwada shi a wani inji, an kuma manna masa takarda da sunan samfurin da aka ciro shi. Ba a haɗa na HP da na Lenovo a leda ɗaya, na Dell da sauran marasa kulle kuma suna da tasu ledar daban.